Tsaraba: A Fara Fitar da Rabon Mai Riƙo

Hausa ba ta raɗa ma kyauta suna bisa abin da aka bayar. Tana duban dalilin bayarwa, da lokacinta, da matsayin wanda ya karɓa. Turmin atamfa guda yana iya zama lefe idan dangin ango suka kai shi, ya zama gudummawa idan ƙawa ta kawo shi ranar biki, ya zama kayan salla idan uba ya ɗinka ma ɗiyarsa. Abin da aka ba ɗan aike da ya kawo kyauta, tukwici ne. Abin da mai gida ya damƙa ma baƙo sa'ad da zai koma, sallama ce. Abin da matafiyi ya ƙulla don ci a hanya guzuri ne, na dillali kuwa la'ada. A cikin wannan jeri akwai kalmar da kowane yaro yake riƙewa tun bakinsa bai gama buɗewa ba, wato tsaraba, abin da matafiyi ke zo ma mutanen gida da shi daga inda ya je.

Amma duk da wannan wadata, babu wata kalma da kowa ya sani wadda aka keɓe ma kyautar da ake ba wanda ya riƙe yara sa'ad da iyayensu ba su nan. Rabonsa yana shiga cikin tsarabar kowa da kowa, kuma sau da yawa shi ne ake tunawa da shi bayan an kusa kaɗe jaka. Wannan jerantawa ce ta kamata a juya. Wanda ya kwana da yaran, ya tashi da su, shi ya fi kowa haƙƙi a kan tsaraba, kuma rabonsa ne ya dace a fara saye a can, a fara fitarwa a nan.

A da, tafiyar da ke raba iyaye biyu da ƴaƴansu lokaci guda ba ta da yawa. Namiji ke fita fatauci ko cin rani, mace ta tsaya da yara. Yanzu a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa ana samun mata da miji su tafi tare: ma'aikacin da ya sami hutunsa na shekara ya ɗauki iyalinsa zuwa Lome ko Kwatano, ƴan kasuwa su haɗa saro da hutawa a Dubai, wasu su tafi umra a goman ƙarshe na azumi, wasu aikin haji na kusan wata guda, wasu kuma ziyarar dangi daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar da ta kusa kilomita 900. Ko dai makaranta ta hana a tafi da yara, ko kuɗin mota da na jirgi. Sai a bar su hannun kaka, ko gwaggo, ko abokiyar zama, ko maƙwabciya, ko yarinyar da ke aiki a gidan.

Ana faɗin «an bar yara wajen Iya» da numfashi guda, amma abin da ke cikin jimlar kwanaki ne na aiki. Ita ce za ta tashi da asuba ta ɗora ruwan wanka, ta dama koko, ta tabbata an tafi makarantar boko da safe da ta allo da marece. Ita ce za ta wanke shimfiɗar wanda ya yi fitsarin kwance ba tare da ta tona masa asiri ba. Idan damina ce, lokacin babban hutu da zazzaɓin sauro, ita ce za ta taɓa goshin yaro da tsakar dare ta yanke shawarar a kai shi asibiti ko a jira gari ya waye, shawarar da in ta yi daidai ba wanda zai ambata, in ta kuskure kuwa ba za a taɓa mantawa ba. Ɗan wani amana ne mai nauyi, domin mai riƙonsa tana ɗauke da alhakin uwa ba tare da cikakken ikon uwa ba. Ko tsawa za ta yi, sai ta auna ta.

Nahawun harshen yana da abin faɗi a nan. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma aji na shida shi ne mai ƙarewa da wasalin -o, wanda ke nuna an yi aikin a wani wuri, sakamakonsa ya nufo inda mai magana yake. Daga saya a sami sayo, daga ɗauka a sami ɗauko, daga aika a sami aiko, daga kai a sami kawo. Tsaraba kacokam tana zaune ne cikin wannan wasali. Yaro ba ya tambayar me aka saya masa, tambayarsa ita ce me aka sayo masa. Abin da yake nema shaida ce cewa a can nesa, cikin kasuwar da bai taɓa gani ba, an tsaya an tuna da shi. Akwai kuma wata haɗuwa mai ban sha'awa: kalmar da ake tambayar matafiyi da ita, «me ka riƙo mana?», da kalmar da ake kiran aikin kula da ɗan wani, riƙo, tushensu ɗaya, rubutunsu ɗaya. Matafiyi ya riƙo kaya daga can, mai gida ta yi riƙon rai a nan. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane wane riƙon ya fi nauyi.

Wannan wasali ne kuma ke bayyana dalilin da ya sa darajar tsaraba ba ta bin farashi. Kowane zango na ƙasar nan yana da abin da aka san shi da shi. Wanda ya biyo babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, ya tsaya Galmi ya ɗauko albasa, an san inda ya ratso. Wanda ya fito Tawa ko Abalak ana sa ran cuku. Na Ingal da Bilma dabino, na Difa tattasai da bandar kifi, na Mirya tukunya, na Damagaram takalmi da jakar fata, na Agadas kayan azurfa. Ƙunshin kilishi a takarda yana iya faranta gida fiye da abin wasan roba mai tsada wanda ake samun irinsa a kowane shago na unguwa, domin kilishin yana ɗauke da labarin hanya. Yaron da aka ba cuku aka gaya masa daga ina ya fito, da yadda mata makiyaya ke shanya shi ya bushe, an ba shi abinci an kuma ba shi darasin sanin ƙasarsa.

Rabon yara ba abin musu ba ne. Ƙaramin yaro bai san kwanan wata ba, abin da ya sani shi ne uwa ta fita ba ta dawo ba, kuma tsaraba tana gaya masa cewa rashin ganinta bai zama mantuwa ba. Sai dai akwai kurakurai biyu da ake yawan yi. Na farko shi ne mai da tsaraba toshiyar baki tun kafin tafiya: a yi ma yaro alkawarin keke ko salula don ya bar kuka. Yaron da aka saba ma haka yana koyon cewa kewarsa haja ce mai farashi, gobe kuma zai ƙara kuɗi. Na biyu shi ne raba tsaraba bisa haihuwa maimakon bisa zama. A gidan da aka ajiye yara akwai ƴaƴan gidan, waɗanda suka matsa a tabarma, suka raba kwano, suka haƙura da rabin hankalin uwarsu. Idan aka buɗe jaka a gabansu aka ba baƙi aka tsallake su, an shuka abin da zai daɗe bai mutu ba. Gara a sayo ƙaramin abu da zai isa kowa da a sayo babba na mutum biyu.

Sai kuma ita mai riƙon, inda gardama take. Masu ganin bai kamata a keɓe ta da kyauta ba suna da hujja mai ƙarfi: ɗa na kowa ne, kuma riƙo tsohuwar al'ada ce da ba a taɓa yi mata farashi ba. Kunyar ɗan fari kaɗai ta sa yara da yawa sun tashi a ɗakin kakanninsu. A littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, ita Baba ba ta haihu ba, amma ta reni ƴaƴan dangi kamar nata. Kakar da aka miƙa ma kuɗi tana iya ture hannu ta ce, «Don na riƙe jikokina sai an biya ni?» A ganin masu wannan ra'ayi, keɓe mata kyauta tamkar mai da zumunta ƙwadago ne.

Hujjar tana da gaskiya a kan kuɗi, amma ba ta taɓa tsaraba ba. Kakar da ta ture kuɗi ba za ta ture mayafi ko turare ko tasbaha ba, domin ta san bambancin biya da tunawa. Marcel Mauss, a nazarinsa kan kyauta da ya fito a 1925, ya nuna cewa a al'ummomi da yawa kyauta tana tafiya da wajibai uku: bayarwa, karɓa, da mayarwa. Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya wallafa littafi a 1986 kan yadda kyautar al'ada ke zaune tare da cinikin kasuwa a wannan yanki. Kowace mace da ta taɓa zuba kuɗin biki ta san abin da suke nufi ba tare da ta karanta su ba: abin da aka ba ta ana tune da shi, kuma za ta mayar, sau da yawa da ƙari. Riƙon yara na kwana goma kyauta ce da aka riga aka ba iyaye. Wanda ya karɓa bai mayar ba, ya fake da cewa ai ɗan'uwa ne, yana cin zumuncin ne ba tare da ya ciyar da shi ba. Shi ya sa ake jin ƙanwar uba da ta saba cewa «ku kawo su» ta fara cewa bana ba ta jin daɗin jikinta.

A gidan mata biyu abin ya fi haka tsanani. Idan miji ya tafi da ɗaya ya bar ƴaƴanta hannun ɗayar, wadda ta tsaya ta yi haƙuri biyu: ba a tafi da ita ba, kuma aikinta ya ninka. Tsarabar da miji zai kawo mata haƙƙinta ne na aure. Amma akwai wata ta dabam da ta rataya a wuyan uwar yaran, wadda za ta fito daga hannunta ta ce, «Yaya, ga wannan, Allah ya saka da alheri.» Ƙaramin ƙyalle da ya fito ta wannan hanya yana iya kashe wutar da miji zai shekara bai kashe ba.

Wadda aka fi zalunta a wannan sha'ani ita ce ƴar aiki. Yawancinsu ƴan mata ne da suka zo daga karkara, wasu ba su girmi manyan ƴaƴan gidan da yawa ba. Sa'ad da masu gida suka tafi, aikin yini ya koma na dare da rana. In an dawo, sai a miƙa mata tsohuwar riga da aka cire daga jaka don a sami wurin sabuwa, ko kuma a ba ta zane mai kyau a ɗauka ya share ƙarin kwanakin da ta yi. Duka biyun ba daidai ba ne. Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka a Nijar jika 42 ne na sefa a wata, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƴan aikin gida da yawa ba su kai nan ba. Wadda ake biya ƙasa da haka, aka kuma ƙara mata aiki, abin da take bi bashi ne, bashi kuwa ba a biyansa da kyauta. A fara ba ta ladan ƙarin aikinta a hannu, da kuɗi, a lissafe. Bayan nan a ba ta tsaraba sabuwa, kamar yadda aka ba ƴaƴan gida. Na farko ya nuna an san haƙƙinta, na biyu ya nuna an san ita mutum ce.

Abubuwa uku ne ke nan da ba su kamata a cakuɗa ba, kuma harshen ya riga ya raba su. Kuɗin cefane ana barinsa tun kafin a tafi, isasshe, har da na magani in ta kama, domin kada mai riƙo ta ciyar da ƴaƴan wani daga aljihunta. Lada na wadda aka ɗauka aiki ne. Tsaraba ta kowa ce. Wanda ya bar cefanen da bai kai ba, ya dawo da agogo mai ƙyalli, ya sa gwaggo ta ci bashin shinkafa a shago don ta fita kunyarsa, agogon kuwa ba zai biya mai shago ba.

Wasu za su ce ai kuɗi ya fi amfani, mai riƙo ta sayi abin da take so. Ga wadda ke cikin matsi, gaskiya ne, kuma babu laifi a haɗa mata da kuɗi. Sai dai kuɗi ba shi da wancan wasali na -o. Ana iya zaro shi daga aljihu a bakin ƙofa, a daidai lokacin da aka tuna. Abin da aka zaɓo kuwa yana nuna an san mutum: an san Iya tana fama da sanyi aka sayo mata bargo, an san Gwaggo tana saida ƙosai aka kawo mata babban kasko, an san yarinyar gida tana koyon karatu da dare aka riƙo mata fitila mai caji da littafi. Zaɓin shi ne godiyar. Kuɗin da aka naɗe cikin mayafi ya fi kuɗin da aka miƙa tsirara sauƙin karɓa, ko da adadinsu ɗaya.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta nauyi, kuma ita ce ta fi cancantar a saurara. Tsaraba ta zama kaya a kan matafiya. Alhaji da hajiya kan dawo su tarar da unguwa guda tana jiran dabino da zamzam da tasbaha da hula, ga shi jirgi ya ƙayyade nauyin kaya, ruwan zamzam ma lita 5 ake ba kowane mahajjaci. Har akwai masu cike giɓi da kayan da suka saya a kasuwar garinsu, a zuba cikin jaka kamar daga Makka suka fito. Akwai masu dawowa da bashi, akwai masu shigowa gari da dare don gudun idon jama'a. Idan aka ce a ƙara wani rabo na musamman, ashe ba an ƙara ma jaki kaya ba?

Amsar ita ce ba ƙari ake nema ba, gyaran jeri ake nema. A yau tsaraba mafi tsada takan tafi wajen wanda ake jin nauyinsa ko ake neman wani abu a hannunsa: shugaban wurin aiki, babban abokin ciniki, surukin da ake tsoron bakinsa. Wannan gaisuwa ce ta neman fada da aka sa ma rigar tsaraba. Mai riƙo kuwa, da yake ta gida ce kuma ba za ta yi ƙorafi ba, sai ta sami abin da ya rage. In aljihu bai kai ba, a rage daga sama. Mutumin da bai san ma an yi tafiyar ba zai iya haƙura da dabino uku da addu'a. Wadda ta yi kwana ashirin ba ta yi barci mai nauyi ba, ita ce ba ta kamata ta haƙura ba.

Yadda ake bayarwa ma yana cikin kyautar. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, sun kuma ce zumunta a ƙafa take. Ba a aika direba ya kwaso yara ya ajiye leda a zaure. Iyaye su taka da kansu, su zauna, su yi ban-gajiya, su tambayi yadda aka kwana da yadda aka tashi, su saurari abin da ya faru ba tare da sun mai da zaman bincike ba. Idan yaro ya kawo ƙarar an hana shi wani abu ko an yi masa faɗa, ba a gaban mai riƙo ake yanke hukunci ba. Abu mafi muhimmanci shi ne a miƙa rabonta a gaban yaran, kafin nasu. Yaron da ya ga an fara da Iya, ko ya ga uwarsa ta miƙa ma ƴar aiki abu da hannu biyu tana godiya, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji: cewa hidimar da ake yi masa tana da mai yi, kuma mai yin tana da suna. Wanda ya ga an ba shi jirgin wasa an ba wadda ta goya shi ragowar biskit, shi ma ya koyi darasi, kuma da shi zai yi aiki ranar da ya zama mai gida.

Ga ɗaliban ilimin harsuna akwai aiki a nan. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tara kalmomi masu yawa, amma an fi tattara su a Nijeriya. Hausar Adar da Arewa da Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram tana da nata kalmomin kyauta da na godiya, kuma tsofaffin da suka san su suna ƙarewa. Ɗalibin da zai tafi hutu garinsu yana iya zama da kakarsa ya tambaye ta me ake kiran abin da ake ba wadda ta yaye yaro, ko wadda ta zauna da mai jego, ko wadda ta riƙe gida har mai shi ya dawo, da kalmomin da ake faɗa sa'ad da ake miƙawa. In an sami sunan, a rubuta shi a dawo da shi cikin magana. Aikin da ba shi da suna yana da saurin ɓacewa daga lissafi, kuma wadda ke yin sa takan ɓace tare da shi.

Kafin a kai ga haka, gyaran yana hannun iyaye masu tafiya. Ranar da aka shiga kasuwar can da takardar sunaye, sunan wadda ke riƙe da yaran ya zama na farko a kai.